Ranar da Harshena Ya Manne a Farantin Tagulla

Ki je layin 'yan kanwa a kasuwar Funtua, ki miƙa wa kowace mace dunƙule ki ce ta ɗanɗana miki. Za ki ga ta karkata kai, ta lasa da gefen harshe. In kika tambaye ta dalili sai ta ce haka aka gada. Ba wanda ya gada. A kaina aka fara, kuma ba da son raina ba.

Turawa sun miƙa mulki da 'yan shekaru ke nan, ina da ƙarfina, rumfata ce ta uku in kin shigo ta wajen 'yan hatsi. Kanwa kaɗai nake sayarwa, ungurnu da ja da fara. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni harshe. In fatake suka sauke kaya daga jirgin ƙasa ni ake aika wa. Lasa ɗaya, in ce wannan ruwan sama ya taɓa ta, wannan an haɗa ta da toka, wannan ta kwana kusa da gishiri. Makiyaya daga Kafur da Dayi sai su wuce rumfuna biyu su tsaya a tawa. Wadda 'yarta ta haihu ba ta dama kunun jego da kanwar kowa sai tawa. Ba gona gare ni ba, ba shanu. Abin da na mallaka duk bai wuce wannan ba: an san kanwata ba ta da gauraye.

Akwai ƙawata, Iya mai atamfa, Bayarabiya, wadda ta zo garin tun tana amarya. Ɗanta na fari a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu tsabta. Da hannuna na ɗura masa kunu yana ihu. Ya yi karatu har ya haye teku, ya dawo da tabarau da ƙasumba, aka ba shi koyarwa a wata makarantar kwana da ke bayan gari. Wata safiya ya jingine kekensa a rumfata, ya gaishe ni har ƙasa, ya ce buhun ungurnu yake so.

Na ce, "Buhu? Shanu ka saya, ko mata huɗu ne suka haihu maka rana ɗaya?"

Ya ce, "Aunawa zan yi, Inna."

"Ai na auna maka."

"Haskenta zan auna."

Na dubi kanwa, na dube shi. Na ce a raina karatu ya yi yawa, Allah ya sawwaƙe. Na ɗaure masa buhu a bayan keke ya tafi.

Bayan kamar kasuwa uku sai na ga abin da ban saba gani ba. Wani dattijon Bafulatani da ya shekara goma yana sayen kanwar shanunsa a wurina ya zo ya wuce, kansa a sunkuye, ya tsaya a rumfar gaba. Na ce, "Baffa, yau makanta ce ko gaba?" Ya ce, "Yaya, ba ni na faɗa ba. An ce inji ya kama ki."

Ashe Iya ce ta fara, kuma da alheri ta fara. A rumfar atamfa ta zauna tana yi wa mata alfahari cewa ɗanta ya sa kanwata a inji ya ga wani abu a ciki wanda sai a tauraro ake samun irinsa. Kafin maganar ta ratsa 'yan tukwane ta zama an ga baƙon abu a kanwata. Kafin ta wuce mahauta ta zama gauraye nake yi. Da ta iso layinmu, ta zama inji ya yi ƙara, jar fitila ta kama, an rubuta sunana an aika Kaduna. Ranar har la'asar ba wanda ya taɓa tasata sai wata tsohuwa kurma, ita ma don ba ta ji ba ne.

Washegari ban buɗe rumfa ba. Na ɗauki dunƙulen ungurnu daga tasar da nake sayarwa na ƙulle a bakin zane, na biya gidan Iya na ce ta tashi.

Ta ce, "Ƙawata, ni yabo na yi."

Na ce, "Yabonki ya rufe mini rumfa. Sa mayafinki, ki kai ni in ga injin da ya fi ni harshe."

Muka taka har makarantar, rana ta take. Ɗakin da yake aiki yana can ƙarshe, an toshe tagoginsa da baƙin ƙyalle, a bayansa injin wuta yana ta tari. Ɗan Iya ya fito da farar riga har gwiwa kamar mai yankan nama. Ya ga fuskata ya daina murmushi.

Na ce, "Ina wanda ya ce ina gauraye? Fito da shi."

Ya shigar da mu. Na zaci zan ga abu mai baki da haƙora. Akwati ne dogo a kan tebur, da fitila a gefe guda, a ɗaya gefen kuma takarda tana fitowa a hankali, wani siririn alƙalami yana rawa a kanta shi kaɗai ba hannu. Ba rubutu yake yi ba. Kunya yake ja kamar ta gonar dawa, tudu, kwari, tudu, kwari.

Ya ba ni kujera na ƙi zama. Ya ce to in tsaya in saurara. Ya ce haske ba abu ɗaya ba ne, a ɗaure yake kamar dami, akwai wani gilashi mai kusurwa uku a cikin akwatin da yake kwance shi, kamar yadda bakan gizo yake fitowa launi-launi. Ya ce kowane abu a duniya, in ka haska shi, akwai irin hasken da yake cinyewa ya bar saura. Gishiri da nasa, ruwa da nasa, kanwa da nata. Alƙalamin nan abin da aka cinye yake nunawa.

Na ce, "Wato ɗanɗanawa yake yi."

Ya ce, "Kusan haka ne, Inna."

"To ka ce kishiyar sana'a ka kawo mini gari."

Ya ɗauko wata takarda da malamansa na ƙetare suka aiko masa, ita ma duk kunya ce. Ya ce wannan ta wani tauraro ce, ba Zara ba, wani babba da yake can nesa inda rana ba ta da ƙarfi. Ba wanda ya taɓa zuwa, amma haskensa yana zuwa, an tare shi an kwance. Ya ce sanyin wurin ya wuce misali, kuma abu in ya daskare yadda yake cin haske yakan canza, shi ya sa duk abin da zai gwada da tauraron sai ya daskarar da shi tukuna. Ya jiƙa kanwata, ya shafa a faranti, ya daskarar, ya haska. Ya jera takardu biyun ya sa yatsa.

"Kin ga wannan kwarin? Bai kamata a same shi a kanwa ba. Ga ɗan'uwansa kuma a tauraro, kusan wuri ɗaya. Sau biyar ina maimaitawa. Har na rubuta wasiƙa, gobe zan kai gidan waya."

Iya ta gyara ɗaurin kai ta ce, "Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji. Da me kake daskarar da ita a wannan zafin?"

Ya jawo wani tulun ƙarfe mai dogon wuya daga ƙarƙashin tebur. Ya ce masu kula da lafiyar shanu ne suke ɗan sam masa, su da shi suke ajiye irin bijimai. Ban tambayi yadda ake ajiye irin bijimi a tulu ba, don akwai uwarsa a wurin. Ya buɗe, ya tsiyaya a kwano. Jama'a, ruwa ne garai, yana tafasa, ba wuta ba murhu. Hayaƙinsa kuma maimakon ya tashi sama sai ya gangaro ta gefen tebur ya bi ƙasa ya lulluɓe mana ƙafafu. Iya ta ɗage zane ta ce, "Yesu!" Ni na yi bisimilla ban motsa ba, don kada inji ya ga na ji tsoro.

Ya ce iska ce, wannan da muke shaƙa, aka matse ta har ta zama ruwa. Tafasar da take yi kuma zafin ɗakin ne ya yi mata yawa. Ya zaro kuɓewa ɗanya daga aljihu, ya tsoma da awartaki, ya fito da ita fara fat, ya sake ta a ƙasa. Ta tarwatse kamar tangaran.

Na ce, "Ka ɓata kuɓewa. Yanzu yi wa kanwar a gabana, irin wadda ta yi maka ƙarya."

Ya ɗebo daga wadda ya jiƙa, ya shafa a wani ɗan farantin tagulla mai faɗin tafin hannu, ya ɗora a kan ruwan nan har ya yi fari, ya sa a akwati. Alƙalami ya yi rawarsa. Kwarin ya fito, ba shakka. Ya zaro farantin da awartaki ya ajiye a kan katako, yana ta yi wa uwarsa bayani, ya juya mini baya.

Na tsaya ina kallon farantin. Hayaƙin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Farin gashi ya tsiro masa kamar furfura. Na ce a raina, inji ya lasa ya faɗi tasa, saura ni. Ya dai ce kada a taɓa da hannu. Bai ce komai a kan harshe ba. Na sa hannuwana a baya, na sunkuya, na lasa.

Harshen bai dawo ba.

Na ja kaɗan, farantin ya biyo ni. Na miƙe tsaye, ga faranti yana reto a bakina. Ba zan ce sanyi na ji ba. Kamar an ɗora mini garwashi ne, sannan wurin ya mutu. Na buɗe baki in kira yaron, abin da ya fito shi ne, "Aaa. Aaa."

Iya ce ta fara juyowa. Ta ɗora hannu a ka. "Ya cije ta! Faranti ya cije ta!"

Ya yi tsalle ya tallabe farantin da gefen rigarsa. "Inna, kada ki ja! Don Allah kada ki ja! Iya, sake mata kai!" Don ita ta riga ta riƙe ƙeyata za ta fizge, kamar mai cire ƙaya.

Ya ce ruwan ɗumi ake so. Ya miƙa hannu ɗaya ya jawo butar shayinsa. Na ga shayi ne da madara, na buge hannunsa. Ya sake kawowa na sake bugewa.

"Inna, shi zai sake ki!"

Na girgiza kai, faranti ya girgiza, hawaye ya zubo. Shayi da sukari a kan kanwar da na zo ɗanɗanawa? In sha wannan azaba a banza?

Iya ce ta gane. Ta ce, "Ba ta son a ɓata mata ɗanɗano. Shekara talatin na san ta, ko a kabari haka za ta yi. Nemo ruwa zalla."

Ya bar farantin a hannun uwarsa ya fita da gudu. Muka tsaya ni da Iya fuska da fuska, tana riƙe da faranti, ina riƙe da shi ta nawa ɓangaren. Tun da muka san juna ba ta taɓa samun fili irin wannan ba. Ta ce, "Yau dai sai ki saurare ni." Ta faɗa mini atamfar da na ce ta koɗe ba ta koɗe ba, wankina ne ba kyau. Ta faɗa mini miyar da na kai mata da ta yi zazzaɓi gishiri ya yi yawa. Ta dawo da maganar wata tsintsiya tun ta zamanin yaƙin Turawa. Ina ji, ba bakin ramawa. Na taka mata ƙafa.

Ya dawo da ruwan ɗumi daga madafar makaranta, ya riƙa zubawa a hankali tsakanin harshe da tagulla. Kan harshen ba ya jin komai. Amma da kanwar ta fara narkewa sai ruwanta ya gangaro ta gefe, ta nan wajen turamen haƙora, inda sanyin bai kai ba. Nan na ji ta. Ungurnu ce tawa, ba musu, da ɗacinta da santsinta. A ƙarƙashi kuma akwai wani abu mai hawa hanci, abin da duk matar da ta taɓa share turke ta sani.

Farantin ya saki, ya tafi da 'yar fata. Na tofar, na goge baki, na ce, "Bunthuru."

Ya ce, "Na'am?"

Iya ta ce, "Bunsuru take cewa."

Na ɗaga kai. Na ce, da harshe kamar tsumma, fitsari ne. Ba na jaki ba, na jaki ya fi wannan nauyi. Ba na tunkiya ba. Na bunsuru ne, tsoho, wanda ba a dandaƙe ba.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Inna, da girmanki, harshe ba ya..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na kwance bakin zane na dire masa dunƙulen da na zo da shi. Na nuna akwatin. Fuskarsa ta canza, ya ce ai wannan shi ya kamata ya yi tun farko. Ya daka, ya jiƙa, ya shafa a sabon faranti, ya daskarar. Wannan karon ya sa kujera tsakanina da tebur. Alƙalami ya hau, ya sauka, ya hau. Da ya iso inda kwarin yake sai ya wuce sumul, ko tuntuɓe bai yi ba. Ya maimaita. Haka.

Na tambaye shi da hannu inda ya ajiye buhun. Ya ce ɗakin nan ba wuri, a gida ya bar shi, yana ɗiba kaɗan-kaɗan. Ya dubi uwarsa. "Iya, ina kika sa buhun?"

Iya ta fara gyara mayafi. Ta ce a bayan madafa. Ta ce ai inuwa ce. Ta ce ina ita ina sanin kayan tauraro ne.

Mu uku muka koma gidan, shi yana tura keke. Ga buhu a bayan madafa, gindinsa jiƙe, ya yi rawaya. Ga turke taku ɗaya daga nan. Ga bunsurun da Iya take kiwo don Kirsimeti, jibgege, ya huda buhun ta gefe yana lasa. Ya ɗago ya dube mu, gemunsa fari da kanwata, sannan a gabanmu ya juya ya ƙara wa buhun.

Ɗan Iya ya zauna a kan turmi. Ya zaro wasiƙar daga aljihu ya duba, ya fara dariya har tabarau ya faɗi. Da ya samu numfashi sai ya ce abin mamakin shi ne injin bai yi ƙarya ba. Wannan abu mai hawa hanci da yake tashi daga tsohon fitsari, shi ne dai a gajimaren tauraron, masana sun daɗe da sanin haka. Shi dai ya zaci daga cikin ƙasa kanwa ta zo da shi.

Na ce, "To akwai awaki a can."

"Babu, Inna. Ba abin da zai rayu a wannan sanyin."

"To wa yake yi?"

Ya ce haka Allah ya halicci wurin. Na ce ban musa ba, amma ni dai duk inda na ji wannan wari na duba na ga turke. Har yau ba wanda ya zo mini da amsar da ta fi tawa.

Iya ta ce kada a kai maganar bunsurunta ƙasar Turawa. Na ce ba sai an je da nisa ba, kasuwa za a kai ta. Na sa ta ɗaura masa igiya ranar kasuwa, ta ja shi tun daga rumfar atamfa, ta ratsa 'yan tukwane, ta wuce mahauta, duk hanyar da maganar ta bi. Ɗanta yana biye da takardu biyu, yana nuna wa duk wanda ya tsaya: ga ta gidansu mai kwari, ga ta rumfata sumul. Ba wanda ya fahimci takardun, amma kowa ya fahimci bunsurun, don iska tana kaɗowa ta wajensa. A bakin rumfata Iya ta ɗaga murya ta ce kanwar ƙawarta ba ta da gauraye, inji ya lasa sau biyu ya shaida, mai laifin ga shi nan. Mahauta suka fara taya shi tun a wurin.

Dattijon Bafulatanin nan ya matso yana sosa ƙeya. Ya ɗauki dunƙule daga tasata ya miƙo mini. "Yaya, an ce harshen ya ƙone. Yana nan kuwa?"

Duk 'yan kanwa sun miƙo wuya. Ni na san kan harshena ba ya bambanta zuma da toka a ranar, kuma ban san ko zai dawo ba. Na karɓa, na karkata kai, na lasa da gefe. Na ce, "Wannan ba tawa ba ce. Ja ce aka shafa wa garin ungurnu, kuma daga aljihunka ta fito." Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce a ɗaure masa buhu.

Kan harshen bai dawo ba. Akwai wuri kamar ƙwayar wake da har yanzu in na sa barkono ba na ji. Ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Wata bai cika ba na ga ta rumfar gaba tana karkata kai tana lasa da gefe, ta ɗauka wani sirri ne na samo a wurin inji. Ta kusa da ita ta kwaikwaya. Da ɗan Iya ya zo sayen wata kanwar, wadda ya ce a ɗakinsa zai rataye ta a rufi, ya tsaya yana kallon layin gaba ɗaya, mata goma sha, kowace kai a karkace kamar kaji suna duban shaho. Ya sunkuyo ya ce, "Inna, in gaya musu?"

Na ce, "Ka taɓa ganin na shiga ɗakinka na gyara maka alƙalami?"

Ya ɗaure kanwarsa a keke ya tafi.